Yadda Ake Cewa "Bai Isa Ba" a Kwana Lafiya

In kana son ka riƙa furta "bai isa ba" ba tare da an kai ka gaban mai unguwa ba, fara koyo a kan kaya, don kaya ba sa fushi. Gishiri bai isa a miya ba, faɗi a ƙara. Kuɗin mota bai isa ba, gaya wa kwandasta tun a tasha, kar ka bari sai an yi nisa.

Babbar makarantar wannan magana ita ce shagon tela gab da sallah. Ka sayo shadda yadi biyar a Kantin Kwari, kana son 'yar ciki da wando har da babbar riga. Tela zai zagaya abin awo a tumbinka, ya dubi yadin, ya ce, "Alhaji, wannan fa ba zai isa ba." Kada ka ja da shi, ɗinkin nan sai yadi goma. Ke ma Hajiya, turmin atamfa yadi shida ne. Riga da zane da ɗankwali sun cinye shi, rigar 'yar auta ba za ta fita a ciki ba, kome yawan magiya.

Wuta tana tashi ne in maganar ta bar kaya ta hau kan mutum. "Ba ka isa ba" goron gayyatar rigima ne. Kafin ka furta, dubi ƙirjin mutumin, dubi hanyar fita, ka kuma tuna ko yana bin ka bashi. Ga wanda ya girme ka kuwa, kar ka soma. Saurayin da bai dace da 'yarka ba, a ba magabatansa ruwa su sha, a ce musu Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Za su gane, kuma gobe za ku gaisa a masallaci.

Yaro nake tausaya wa. Ya kinkimo bokitin da ya fi ƙarfinsa, ko ya nace sai ya kai azumi yana ɗan shekara 6. Ka ce masa bai isa ba, zai ajiye, ya daɗe bai sake gwadawa ba. Ce masa "da saura". Miƙa masa ƙaramin bokiti, ka bar shi ya sha ruwa da azahar, ka sa masa albarka.

"Allah ya isa" kuma tana da nauyi ƙwarai. Adana ta don wanda ya ci dukiyar maraya ko ya danne haƙƙin lebura. Mai shayin da ya rage maka madara, shi dai miƙa masa kofi ka ce ya ƙara.