Allah Ya Bar Mana Baffan Marayu

Masu cewa amana ta ƙare a duniya ba su san baffan marayu ba. Su zo Gurbin Bore su ga riƙo. Ƙaninsa ya tafi ci-rani Agege, ya yi shekaru yana dako a kasuwa, duk abin da ya tara sai ya aiko gida a sayi gona, a sayi shanun huɗa. Ajali ya riske shi can. Tun ranar sadakar uku Baffa ya ɗora wa kansa nauyin dukiyar nan, har yau bai sauke ba, bai kuma nemi wani ya kama masa ba.

Ga tausayin mata. Shari'a ta ba matar mamaci tumuni in akwai 'ya'ya, amma Baffa ya san lissafi wahala ne ga mai takaba, sai ya hutar da ita. Wata huɗu da kwana goma na cika ya sallame ta da tabarmarta da kwanukanta, har kuɗin mota zuwa gidan iyayenta ya ba ta, daga aljihunsa. 'Ya'ya mata kuwa, da aka tuna masa kowacce tana da rabin kason namiji, cewa ya yi, "Mace gidan wani za ta, ina ita ina gona?" Da dattawa suka matsa, ya nuna halin girma: ya ba su gonar daji, makekiya, wadda tun da 'yan bindiga suka tare wajen babu mai kai fartanya. Ta huta, ta yi taki. Shi kuma ya haƙura da 'yar fadamar bakin gari, wadda ban da albasa da tumatir da rake ba ta ba da komai.

An ce marigayin ya yi wasiyya gaban abokan zamansa, a ba makarantar allon unguwa wani abu da ko sulusi bai kai ba. Baffa ya rufa masa asiri, ya ce zafin ciwo ne.

Kada ma a taɓa shi wajen son addini. Ranar 27 ga Oktoba, 1999, da Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Gusau, Baffa ya yi kabbara har murya ta dushe. Girmamawar da yake yi wa kotu ta kai ba ya son a dame ta. Alƙalin Zurmi aiki ya yi masa yawa. Yaron da ya ambaci rabon gado, sai Baffa ya yi salati, ya ce, "Ɗana, zumunci za ka ɓata? Ubanka ko sanyi bai yi a kabari ba." Yaron da ake goyo lokacin rasuwar fa, yanzu har gemu ya fara.

Shanun huɗar kam sun tsufa, sai ya kai su kasuwar Shinkafi ranar Alhamis don kada su mutu a hannun marayu. Da kuɗin ya ƙara aure, domin a samu mai dafa musu tuwo. Amaryar na nan a ɗakin uwarsu, an yi masa sabon daɓe.