Ran da mai Dala ya ga dutse

Zuwa ga bawana Bakano, da fatan ƙugu ya fara saki, an kuma daina ɗaga ka ana kwantarwa.

Hotunan da ka turo daga Maroko sun iso Kurni, duk da rezon namu sai ya ga dama yake leƙowa. Mun zauna mun duba su ɗaya bayan ɗaya. Ga ka nan tsaye cikin farar ƙanƙara, ka cusa babbar riga cikin rigar sanyi, hular kwano ta danne ƙube, an ɗaura maka dogayen katako biyu a ƙafa, ka dogara sanduna kana yaƙe. Hoto na gaba babu kai a ciki. Katakon ne kaɗai ya fito, yana duban sama. Duk wannan mai sauƙi ne, ba a kanka aka fara faɗuwa ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar da ka rubuta a ƙasan hoton, wai wurin ya tuna maka da Dala.

Haba Bakano! Ko kunyar idon duniya babu?

Zo mu yi lissafi, tunda ku ba ku jin magana sai an sa lamba a ciki. Dala mita 534 ne daga doron teku, kuma wannan har da ƙasar da Kano ta zauna a kai, wadda ita kanta ta haura mita 400 da nisa. In aka cire uwar kuɗi, ribar da ta rage wa dutsen ba ta kai mita 100 ba. Shi kuwa Ukaimidan da ka je, cikin duwatsun Atlas, filin da motarku ta tsaya ma yana wajen mita 2,600, kuma nan ne gindi. Ƙololuwar da kujerun nan masu rataye a igiyar ƙarfe ke kai mutane ta wuce mita 3,200. Maƙwabcinsa Tubkal mita 4,167 ne, duk Afirka ta Arewa babu na biyunsa. Da za a ɗauko Dala a ajiye a gindinsa, suri za a ɗauka, a tura yara neman gara.

Ka yi ta ƙorafi wai sanyi ya shammace ka, don da safe a Marakesh da 'yar shara ka sha shayi, tafiyar kuma ba ta wuce kilomita 75 ba. Ai nisan ba a kwance yake ba, a tsaye yake. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi kan ragu da wajen digiri 6 da rabi. Marakesh tsayinta kusan ɗaya da Kano, saboda haka kafin ka buɗe ƙofar mota an riga an zare maka digiri kusan 14. Wannan a lakwal ake koya mana a Matamaye, lokacin da kai kake koyon yadda ake danna mudu da babban yatsa.

Gangaren ma ba barkatai ake faɗa masa ba. A wuraren wannan wasa na zamiya kowace hanya da launin da aka yi mata alama: kore ta 'yan koyo, shuɗi ta wanda ya fara gane ƙafarsa, ja ta gwanaye, baƙi ta wanda ya riga ya bar wasiyya. Labarin da ya iso mu, a ta 'yan koyo ka kife, yara 'yan shekara biyar suna wuce ka suna yi maka sannu da Larabci. Kuma da ka ɗaga kai da ka lura duk hanyoyin a fuskar dutsen da ke kallon arewa suke. A lokacin sanyi rana ta kudu take bi, sai ta lashe ƙanƙarar ɓangaren da ke fuskantarta, ta bar wanda ya ba ta baya. Ko a can ɗin ma kakar wasan gajera ce, daga wajen Janairu zuwa Maris, kuma shekarun nan akwai waɗanda ƙanƙarar ke yin rowa, masu hayar takalma su wuni suna duban sama yadda muke yi in damina ta makara. Sai kuma maganar alfadari. Mutanen wurin suna haya da alfadarai, su ɗauki mutum da kayansa su haura da shi. An ce da ka ji kuɗin kujera sai ka koma ciniki da mai alfadari har ya gaji ya sallama. Ka bar jakuna a Kano, ka biya kuɗin jirgi ka tsallake Sahara don ka hau ɗan'uwansu.

Abin da ya fi ba ni haushi, ka ratsa daji sukutum ba ka gan shi ba, idonka na kan farashin dardumar da ake sayarwa a bakin hanya. Hanyar da ta kai ka ta kwarin Urika ta tashi. A ƙasa zaitun ne da gonaki da aka yanka hawa-hawa a jikin dutse, kowane hawa an tokare shi da katangar duwatsu don kada ruwa ya tafi da ƙasar. In an ƙara sama sai tuffa da sauran itatuwan da ba su yin 'ya'ya sai sun sha sanyi. Gaba da nan sai dajin itatuwa masu siririn ganye da ba sa kaɗewa rani da damina. Can kusa da ƙarshe akwai wani tsohon itace da Larabawa ke kira ar'ar, mai murɗaɗɗen jiki, wanda kan yi ɗaruruwan shekaru yana girma a hankali, yanzu kuma gatari da bakin awaki sun rage shi ƙwarai. Daga shi itace ya ƙare. Sai gajerun ƙayoyi a dunƙule da ƙasa, sanyi da iska ba sa barin komai ya miƙe. A wannan sanƙon ne ake wasan da ya kayar da kai.

Dajin nan ba ado ba ne. Saiwa ce ke riƙe ƙasar gangare, inuwa ce ke hana ƙanƙara narkewa lokaci guda, sai ruwan ya riƙa tsatsafowa a hankali yana ciyar da idanun ruwa da koramu har ya isa gonakin da ke kewaye da Marakesh. Inda gangare ya yi tsini, ƙasa ta zauna tsirara, kwari kuma ya matse, ruwan awa ɗaya ya isa ya zama bala'i. Ranar 17 ga Agusta 1995 an yi ruwa a can saman duwatsun, ambaliya ta gangaro kwarin Urika ta iske jama'a suna shan iska a bakin rafi, ta ci rayuka masu yawa. Allah ya jiƙansu. Mutanen dutsen sun san abin da suke zaune a kai, shi ya sa suke da wata tsohuwar doka da suke kira agdal. Makiyayar Ukaimidan, filin nan da ka yi birgima a kai, ana rufe ta tun watan Maris, ba mai shiga da ko tunkiya ɗaya sai ranar 10 ga Agusta, bayan ciyawa ta yi fure ta zubar da iri. Ba gwamnati ta kafa dokar ba, kabilun wurin ne suka gada. A jikin duwatsun filin akwai zanen shanu da wuƙaƙe da aka sassaƙa shekaru dubbai da suka wuce, alamar kiwon ya daɗe kuma bai cinye wurin ba. Ka gaya mini tsakaninka da Allah, a ba Bakano fili a ce kada ya taɓa wata biyar, ba rumfuna za a dawo a tarar ba?

Da ka nemi shawarar ubangidanka, da Mishlifan na tura ka, kusa da garin Ifran. Can gangaren gajere ne, yana cikin ramin wani tsohon dutse mai aman wuta da ya mutu, dajin itacen arz ya kewaye shi, faɗuwarka ma da a ɓoye za a yi ta. Sai dai a Ifran ɗin ne a 1935 sanyi ya kai digiri 23.9 ƙasa da sifiri, wanda ba a taɓa auna irinsa a Afirka ba. Akwai kuma birai a dajin da suka ƙware wajen raba baƙo da abin hannunsa, ka ga da ka sami abokan sana'a.

Ku ma fa Allah bai hana ku daji ba. Akwai kurmi a bakin Jakara, ba nisa da Dala, wanda tarihin Kano ya ambata tun zamanin su Barbushe. Da Sarki Muhammadu Rumfa ya zo, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, sai aka kafa kasuwa a wurin. Yau a Kurmi za ka sami sirdi, da kanwa, da turare, da tsohon kuɗi, amma je ka nemi kurmin. Dala gidaje sun shaƙe shi har wuya, ruwan sama na gatsar gefensa kowace damina. Goron Dutse kuwa in aka ambace shi ba hawa ke faɗo wa mutum a rai ba, gidan yari ne. Dajin Falgore ya tsira ne don ya yi wa Kantin Kwari nisa.

Na san me za ka ce: to ku mutanen Kurni ina naku dutsen? Babu. Tudun rairayi gare mu da fadama, sai raken Matamaye da kuke sha kuna ɓata suna. Amma mu dajinmu a cikin gona yake. Bayan farin 1973 da na 1984 ƙasar nan ta yi tsirara, iska na kwashe rairayi tana binne gero tun yana tsiro, sai mutum ya yi shuka ya sake. Manoma suka daina sassabe na ƙarƙaf. In kututture ya yi toho, ko ɗan gawo ya fito daga kashin dabba, sai a zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi a bari, a datse sauran, a kewaye shi da garma. Shi ake kira sassaben zamani. A wajen Maradi wani Bature ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya yi ta yaɗa shi tun 1983. A nan Magarya da Matamaye da Mirya kuwa akasari manoma ne suka ga amfanin abin a gonar maƙwabci suka kwaikwaya. Da masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan suka gwada tsoffin hotunan sama da sababbi, suka ƙiyasta fili hekta miliyan 5 ya farfaɗo a kudancin Nijar, itatuwa wajen miliyan 200, galibi ba dasa su aka yi ba.

Kuma ka san halin gawo, ko da yake kai itace sai ya zama katako kake gane shi. Da damina, lokacin da gero ke son rana, sai ya zubar da ganyensa ya tsaya fayau, ganyen ya ruɓe ya zama taki. Da rani, lokacin da kowa ya bushe, sai ya yi kore, ya zubo 'ya'ya awaki da tumaki su yi ta rububi. Je ka duba geron gindinsa ran girbi, zangarniyar ta fi ta fili kauri. Ana ba da labari cewa sarakunan Damagaram na dā sun sa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo. Mu ranar 3 ga Agusta, ranar samun 'yancin kai, itace muke dasawa. Abin da ar'ar ke yi wa gangaren Atlas, shi gawo ke yi wa tudunmu, ya riƙe ƙasa ya karya iska. Kai ka je har can ba ka gane ba, mu muna nan mun gane.

In kuwa dutsen kake so lallai, muna da Bagazam a Abzin, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 2,022, mafi tsawo a Nijar, ga Girebun mai mita 1,944. A can akwai zaitun na daji da ya saura tun lokacin da Sahara ke da ruwa, a Timiya kuma lemo da rumman ake nomawa tsakiyar duwatsu. Kada ka kawo mini maganar Chappal Waddi mai mita 2,419, wannan na mutanen Taraba ne, ba ka da ko tsakuwa a ciki. Za ka ce ai Bagazam ma na Agadas ne. To, ni ke rubutun, kai karatu aka ce ka yi. Tun ran da Sarki Kuran Daga ya kai dawakin Damagaram har Gezawa a zamanin Sarkin Kano Alu aka gama wannan shari'a, ko da yake na san ku a littafinku wani abu daban kuka rubuta.

Saboda haka ka jingine katakon nan ka zo Kurni kafin ruwan shuka, lokacin sassabe, in ba ka gatari in nuna maka reshen da ake bari da wanda ake cirewa. Ƙasarmu shimfiɗe take, ko ka faɗi ba inda za ka gangara. Ka taho mini da kuɗin sharata na bana da na bara, kuma a sefa nake so, kada ka kawo mini naira.