Yaƙin Masai a Ƙofar Atiku

Magabatan Sakkwato sun kewaye birni da ganuwa, suka yi mata ƙofofi don tare maƙiyi: Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Kware, Ƙofar Taramniya, da tamu mai ɗauke da sunan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, ƙanen Muhammadu Bello, wanda ya yi sarauta daga 1837 zuwa 1842. Duk tanadinsu na mahayin doki ne mai mashi. Babu wanda ya yi wa unguwar nan shirin maƙiyin da ke ɓullowa ta ramin masai yana kaɗa gashin baki.

Watan Afrilu ne, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40, ruwan randa ma sai an hura. Maiɗakina ta haihu, surukata da ƙannenta sun taso daga Wurno don zaman jego. Ni malamin makaranta ne, dukiyata littattafai. Na buɗe akwati in ɗauko babbar rigar suna, sai na tarar kowane littafi ya rabu da bangonsa. An lashe gam ɗin tas, an bar mini baƙin kashi ɗigo-ɗigo da wani wari mai maiƙo.

Akwai ɗan yayata da ke zaune wurina, yana karatun ilimin halittu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Furofesa ake ce masa a gida, ba don yabo ba. Ya sa farce a kusurwar akwatin ya ɓanɓaro wani ɗan abu ja mai duhu, kamar ƙwayar wake, da karo a gefe guda.

"Kawu, wagga jikkar ƙwai ta. Wajen ƙwai goma sha shidda ka cikinta."

Daga nan bai tsaya ba. Wai kyankyasai sun fi iri 4,000 a duniya, amma waɗanda ke zama da mutane ba su wuce 30 ba, sauran suna daji suna cin ruɓaɓɓen ganye, ba ruwansu da littafin kowa. Wai babban jan nan namu da Turawa ke jingina wa Amurka, asalinsa daga nan Afirka jiragen ruwa suka kwashe shi, tun zamanin cinikin bayi. Wai ƙaramin nan na kicin da ake jingina wa Jamus, daga Asiya ya fito. Har gara ma, in ji shi, binciken 2007 ya nuna 'yar dangi ce. Na ce masa ban tambayi salsalarsu ba, ba aure zan nema a gidansu ba.

Na sayo fiya-fiya a hannun wani yaro, cikin tsohuwar kwalbar maganin tari. Furofesa ya ɓata rai. Ya ce tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da irin wannan guba a ƙananan kwalabe, saboda rayukan da take ci, ga jariri a gida. A nan kam na saurare shi: aka mayar da maijego ɗakin can ƙurya, aka ja ƙofa. Amma da ya ce, "Kawu, kak ka zuba shi cikin masai, hadarar su za ka yi," sai na tuna masa cewa na riga shi ganin kyankyaso da shekara ashirin. Har yau ina kan bakana, dabarar yaƙi ita ce a je wa maƙiyi har gida.

Daren jajiberin suna, bayan isha'i, an ɗauke wuta. Na ɗaure hanci da rawani, na riƙe tocila da haƙora, na tuttule kwalbar duka cikin ramin.

Da farko shiru. Sai wani ƙaras-ƙaras daga can ƙasa, yana ƙaruwa. Kafin in ja da baya bakin ramin ya yi baƙi. Manya masu fiffike, matasa marasa fiffike, 'yan mitsi-mitsi, har da wasu farare fat. Ƙanwar surukata ta hango fari ɗaya ta soma a'uziyya, wai na aljanu ne. Furofesa, daga kan turmi inda ya haye, ya ce saɓa kawai ya yi, kafin asuba zai koma ja.

Na cire silifa na shiga aiki. In kai duka nan, in gan shi can. Ashe a gindin kowannensu akwai wasu 'yan ƙahoni biyu masu gashi, da ke jin iskar takalmi tun bai sauka ba, kuma in ya zura yana cin mita ɗaya da rabi a daƙiƙa guda. Duk wannan daga kan turmi nake jin sa. Da ƙyar na samu ɗaya da bakin shebur na raba shi da kansa, na ɗaga ido in karɓi jinjina. Gangar jikin ta miƙe ta ci gaba da tafiya.

"Ba da hanci shika lumfashi ba, Kawu, 'yan ramu garai ga haƙarƙari. Amma kak ka damu, ƙishirwa za ta kashe shi nan da mako."

Abin da Furofesa ya manta ya faɗa da wuri, wanda kuma ya fi duk sauran amfani, shi ne idan zafi ya yi zafi babban jan nan tashi yake yi.

Ku fahimci matsayina. Tun da na yi aure ban taɓa haɗa ido da surukata ba. A durƙushe nake gaishe ta, ban taɓa cin ko goro a gabanta ba. Tana zaune kan tabarma a tsakar gida da carbi, na zo wucewa na rage tsawo, ina cewa, "Inna, a yi haƙuri da wari." Sai na ji fir-fir a kunne. Ya shiga ta wuyan riga, ya gangara tsakanin kafaɗuna. Wanda bai taɓa jin ƙafafu shida masu ƙaya suna sukuwa a gadon bayansa ba, kada ya yi mini shari'a. Na yi sama, na yi ƙasa, na juya, na mari kaina, na kira sunan mahaifiyata. Rawani ya yi gabas, tocila ta faɗa cikin tukunyar kunun kanwa. Da hankalina ya dawo, ina tsaye daga ni sai gajeren wando, riga tana kan igiyar shanya.

Baiwar Allah ta juya fuska ga bango don kunya. Can na ji ta yi ƙasa da murya tana ce wa ƙanwarta, "Ashe Malam shina da iskoki, ba a hwaɗa muna ba?"

Da gari ya waye tsakar gida ta cika da gawa, duk sun yi rigingine, ƙafafu sama. Gubar jijiya take kamawa, sai su yi ta shure-shure har su kife, su kasa tashi. Ina cikin shara, maroƙi ya riga ya soma a ƙofar gida, sai ga kajin Hajiya maƙwabciyarmu sun shigo ta magudana. Ba su taɓa ganin walima irin wannan ba. Na kore su, suka zagayo. A raina har na ji daɗi, sun rage mini aiki. Furofesa ma ya ce a ƙasar Sin akwai gidajen gona da ke kiwon kyankyasai biliyoyi, a yi magani da su, a ciyar da dabbobi. Bai ce masu guba ba, amma lokacin wa ke sauraro.

An raɗa suna, an yanka rago, zaure ya cika da manyan unguwa. Sai ga Hajiya da sandarta, ta ratso maza ba ko sallama, riƙe da wata jar kaza ta ƙafa, wuya na lilo. Ta ajiye ta kan tabarma, gaban liman.

"Malam, kyankyasanka sun kwana ɗakina, ban ce komi ba. Wagga ita ta uwar garke."

Na ce a faɗi kuɗinta. Ta ce ba kuɗin kaza ɗaya ba ne. Kazar nan kwanci take shirin yi, ƙwai goma sha biyu, rabi mata, kowacce ta yi nata kwancin kafin Babbar Salla. Ta rasa inda lissafin ya tsaya, sai ta waiwaya. Furofesa, ɗan yayata na jini, wanda ke cin tuwona, ya zaro biro ya taya ta. Liman ne ya raba gardamar: kuɗin kaza uku da cinyar ragon suna.

Bayan baƙi sun watse na ce masa ko ba komai mun gama da su. Ya sosa ƙeya. Wai feshi ba ya ratsa jikkar ƙwai, kuma ƙwan kan ƙyanƙyashe cikin mako shida zuwa takwas. Na lissafa da yatsu, ya faɗo kusan lokacin arba'in, sa'ad da dangin Wurno za su sake cika gidan.

Ina cikin wannan lissafi yarinya ta shigo da ƙwarya a rufe da faifai, da ɗan ƙullin turare.

"Baba, Inna ta ce rubutu na, ka sha da sahe da marece. Hayaƙin kuma in ka ji za su taso."