Wa Ya Juya Baba Daren Jiya?

Na san abin da za ku ce: "Nan ba Ingila ba ce, mu ba ma kai iyayenmu gidan tsofaffi." Madalla, Alhaji, Allah ya saka da alheri. To wa ya juya Baba daren jiya?

Ai kun yi shiru. Gaskiyarku, daga Tsafe har Bunguɗu ba a san ɗa ya kai uba ajiya ba. Amma ranar da hawan jini ya kayar da tsoho, ɓarin jiki ya shanye, aka garzaya da shi Gusau, Asibitin Tarayya ko na Yariman Bakura, ranar ake gane waye ɗa. A asibitocin ƙasar nan, wanka da ciyarwa da kwashe bahaya aikin mai jinya ne. Mai jinyar kuwa ƙanwarku ce, da tabarmarta da fulas ɗin kunu, ta bar yaranta wajen kishiya. Ku sai Juma'a bayan masallaci, da babbar riga da ledar lemo: "Sannu Baba, ya jiki?" A ɗauki hoto a tura WhatsApp.

Sai gyambo ya fito a ƙugu, a hau nas da faɗa: "Kin san ko ni wane ne?" Ta sani mana. Kai ne wanda ba a gani ba tun Juma'a.

Ban ce babu sakaci ba. Ƙarin ruwa kan ƙare ba a cire ba, allurar ƙarfe 6 ta kai 10. Hargowa ba ta gyara wannan. Ku ajiye littafi ku rubuta lokacin kowane magani, ku kai wa shugabar ɗakin, in ta ƙi ji ku nemi ofishin karɓar koke na SERVICOM. Shi kuwa gyambon kwanciya, duk awa 2 a juya tsoho, a duba ƙugu da diddige, zanen gado ya zama a bushe. Fata ta yi ja ko duhu ta ƙi washewa, a kira likita.

"Gwamnati fa?" Buhari ya sa hannu a dokar cibiyar kula da tsofaffi a 2018. Hedikwatarta na Abuja, Baba kuma na nan kan gado.

Ga takardar rabon kwana, daren Laraba babu kowa. In sa sunanka, Yaya, ko taron Kadunan nan bai ƙare ba?