Tsegumi: Wa Ya Cinye Otodo Gbame?

Ku matso kusa, maganar ba ta ɗaga murya ba ce. A Lekki ta Legas akwai sunan da dillalan filaye ba sa son a ambata gaban mai saye: Otodo Gbame.

Ƙauyen masunta ne 'yan ƙabilar Egun, waɗanda suka ce tun kaka da kakanni suke jefa koma a wannan gaɓa. Gidan sarautar Elegushi kuma ya ce ƙasar tasa ce. Elegushi na cikin Idejo, sarakunan nan masu farar hula da ke riƙe da filayen Legas tun kafin zuwan Turawa. Ga kuma dokar filaye ta 1978, wadda ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Masu ikirari uku ke nan, kuma masuncin ne kaɗai ba shi da takarda.

A watan Oktoban 2016 Gwamna Ambode ya ce za a rushe matsugunan bakin ruwa, wai maɓoyar masu satar mutane ce. Kotu ta ce a dakata. Ba a daɗe ba, a watan Nuwamba, sai ga wuta, sai ga katafila. Mutum kusan 30,000 suka rasa wurin kwana. Gwamnati ta ce ba ruwanta, rikicin ƙabilanci ne. To, a watan Afrilun 2017 da jami'an tsaro suka kora ragowar har cikin kwale-kwale, shi ma rikicin ne? A watan Yuni Mai Shari'a Onigbanjo ya ce korar ta saɓa wa tsarin mulki, amma aikin gama ya gama.

Abin da ake raɗawa shi ne, ruwa ba ya tsami banza. Ana korar masunta, aka duƙufa cike gaɓar da yashi, masu gidajen alfarma suka fara awo. Tsofaffin Legas ba su yi mamaki ba. Haka aka yi wa Maroko a 1990, zamanin Kanar Raji Rasaki: wa'adin kwana 7, mutum kusan 300,000. Yau wurin sai mai hannu da shuni.

Alhazanmu masu zawarcin fili a Lekki, kafin ku sa hannu, ku tambayi dillali: su waye ke nan a 2015? In ya fara tari, ku riƙe kuɗinku.