Yadda Za Ka Huda wa Kyanwa Ƙofa a Madina Ba Tare da Ka Sayar da Gonar Gado Ba

Tamu kyanwar ba saye muka yi ba, ba kuma kyauta aka ba mu ba. Yara ta biyo daga wajen Masallacin Kuba wata la'asar, ta ci ragowar kabsa, ta ga wurin zama. Shekara biyu ke nan, ƙarfe uku na dare sai ta fita, uku da kwata sai ta dawo, kuma ni ne maigadin. Na taɓa kawo shawarar a riƙa kulle ta a kicin, uwargida ta ce, "Malam, kai da ke karantar da hadisi?" Ta tuna mini matar da ta shiga wuta saboda tsare kyanwa. Na ja bakina na yi gum. A garin da Abu Huraira ya zauna, wa ya isa ya kai ƙarar mage?

Shi ya sa na yanke shawarar a huda mata 'yar ƙofa mai murfi a gindin ƙofar da ke fita tsakar gida, irin wadda Turawa ke yi. Ga abin da na koya, ga ɗan'uwa mai shirin bin sahuna.

Na ɗaya. Kada ka bari uwargida ta ji kafinta zai zo. Da ta ji, za ta ce tunda dai zai zo, ya duba murfin durowar kicin, ya ɗaga ƙofar banɗaki mai jan ƙasa, ya kuma auna bangon ɗaki saboda wadirof ɗin da ka yi alkawari tun zuwanku. Ramin da bai wuce taƙi ɗaya ba ya zama jinga. A nan za ka gane yadda ake yi wa aikin finishin kuɗi: durowar kicin da wadirof da mita ake lissafa su, ƙofa da guda, rami kuwa ba shi da ma'auni, don haka fuskarka ake dubawa a yanka maka. Ka sa tsohuwar jallabiya, ka ajiye mota nesa da shagon.

Na biyu. Ka ji farashi daga bakin mutum uku. Na farko ya ce mini riyal 150 kuɗin ramin, na biyu ya ce 300, na uku ya yi dariya har da kiran yaron shagonsa ya zo ya ga mutumin da zai yi wa bissa, wato kyanwa, ƙofa. Na ɗauki na farko, kuma da sannu za ka ji abin da araha ta yi mini.

Amma tukuna, maganar yare. Na yi shekaru a Jami'ar Musulunci, na haddace Alfiyyar Ibnu Malik, na san inda mubtada'i yake da inda habari ya ɓuya. Duk wannan bai tsinana mini komai ba a gaban kafinta. Masu wannan sana'a a nan galibi baƙi ne kamar mu, daga Pakistan, Indiya, Bangaladash, Masar ko Yaman, kuma Larabcin cikin shago ƙafa biyu gare shi: "fi" da "mafi". Akwai, babu. Na jera masa jimla mai cikakken i'irabi, ya saurara har na dire, ya ce, "Mafi mushkila, mudir." Ɗan'uwa, duk ranar da ka ji wannan, ka laluba aljihunka. Sau huɗu ya faɗa mini, sau huɗu kuɗi ya ƙaru.

Ciniki ma ba irin namu ba ne. A Kano ka taya, a ce albarka, ka juya kamar za ka tafi, kafin ka kai bakin titi an ƙwala maka kira, "Alhaji, zo ka kawo." Na gwada wannan dabara a nan. Na juya, na taka a hankali, na ƙara rage sauri, na tsaya ina gyara takalmin da ba abin da ya same shi. Ko tari ba wanda ya yi. Na dawo da ƙafata, gumi sharkaf, na biya yadda ya ce.

Na uku. Ka tambaya ko kuɗin ya haɗa da katako, fenti, ƙusa, kuɗin motar da za ta kawo shi, da harajin kaya, wanda ya tashi daga kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari tun Yulin 2020. Amsar ita ce bai haɗa ba, amma ka tambaya don zuciyarka ta shirya. Katakon ma duk a jirgin ruwa ya zo, don itacen da Madina ke tutiya da shi dabino ne, kuma ba a yin wadirof da ajwa. Zai lissafa maka katakon zan da na suwaidi kamar mai karanta sunayen 'ya'yansa, ka ji farashi, ku daidaita a kan MDF, wato garin katako da aka kwaɓa da gam aka matse. Sai na tuna 'Yan Katako na Na'ibawa, inda za ka ɗaga afara da hannunka, ka sansana, ka raina shi a gaban mai shi.

Na huɗu, ko na biyar, oho. Kafin alƙalami. Na ba da rabi a Sha'aban. Ya ce bukra, wato gobe. Azumi ya kama, ya ce bayan Sallah. Bayan Sallah otal-otal ɗin kewayen Harami suka kwashe masu gyara saboda alhazai, kuma mutumin da ke da ƙofa ɗari biyu a gabansa ba zai ɗaga wayar mai kyanwa ba. Wallahi wannan ita ce ta fi ci mini rai, ba ma kuɗin ba. Ka ƙi fita, ka hana iyali girki a kicin saboda an kwashe tukwane an jibge a falo, ka zauna daga Azahar har Isha'i kana leƙen taga, ka kira a kashe, ka sake kira a ce yana kan hanya. Wace hanya? Daga Kuba zuwa Uhud ko a ƙafa mutum ya taho ai ya iso. Babba da kai, da furfurarka, kana lallashin wanda ya riƙe maka kuɗi.

Ya zo a Muharram.

Ka ƙwanƙwasa ƙofarka kafin a sa mata zarto. Tamu da aka yanka, sai ga falle biyu na katako sirara, tsakiyarsu kwali mai kama da saƙar zuma. Gefen ramin ya rugurguje kamar biskit. Mafi mushkila, mudir, sai an yi masa firam. Riyal 100.

Sannan awo. Mun auna kyanwar da tef tun a Sha'aban, tabon yana nan a hannuna. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne cikin kyanwa sati tara ne kacal, kuma ita ba ta jira kafinta ba. Ranar da aka gama, ta zo ta sansana murfin, ta zura kai, kafaɗa ta wuce, sauran ya ce atafau. Ta ja da baya, ta zauna, ta kalle ni. Na tashi na buɗe mata babbar ƙofa.

Muzurayen unguwa kam awon ya yi musu daidai. Wani jan muzuru mai kunne ɗaya, wanda nake zargin shi ne surukin nawa, yanzu ya fi ni sanin inda ake ajiye kaza. Zafin Madina, da kan haura digiri 45, shi ma ta nan yake shigowa, sanyin na'ura na fita ta nan, mita tana ƙirga halala 18 kan kowane kilowat-awa. Ƙura kuwa ba ta ko sallama.

Af, ka nemi izinin mai gida. Wannan ita ya kamata ta zama ta ɗaya. Namu ya zo duba famfo, ya tsaya a kan ramin ya daɗe, sannan ya buɗe yarjejeniyarmu ta haya ta Ejar a waya ya nuna mini inda na yarda zan mayar da gida yadda na same shi. Sabuwar ƙofa riyal 700, ban da ɗaurawa. Wanda zai ɗaura ya ce bukra.

Wadirof dai ya yi kyau, ba zan ci haƙƙin bawan Allah ba. A cikinsa ta haihu, a kan farar jallabiyata ta Juma'a, 'ya'ya huɗu, biyu jajaye. Duk mai so ya zo bayan La'asar da kwali, kyauta ne, kuma wanda ya ɗauki biyu zan haɗa masa da ƙofar.