Mazhabobin Masu Zaɓen Tirela

Sanannen al'amari ne ga wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta yana tuƙi a wasan nan mai suna Euro Truck Simulator 2, wanda kamfanin SCS Software na birnin Prag ya fitar a shekarar 2012, cewa mutum yakan fara ne yana direban haya, yana jan kayan wasu da motar wasu, har ranar da ya tara abin sayen tasa. Kuma a ranar nan, sa'ad da ya tsaya gaban dillali, ga Scania ga Volvo, ga DAF ga MAN, ga Marsandi da Renault da Iveco, halinsa na ainihi yake fitowa fili, wanda la'alla ko iyalinsa ba su san shi da shi ba.

Na farko cikin masu zaɓen shi ne ma'abucin ƙarfi, wanda bai yarda da wata hujja ba face adadin dawakin inji. Wannan ba ya kallon komai sai Volvo FH16 mai ƙarfin doki 750, ko da kuwa kayan da zai ja ba su fi ƙarfin a-kori-kura ba. Kuma da yake wasan ya ƙayyade gudun tirela a kilomita 90 cikin sa'a, aikinsa na farko shi ne cire wannan takunkumi, na biyu biyan tara, na uku kuwa kifewa a kwana, sa'an nan ya ce titin ne aka gina ba bisa ƙa'ida ba.

Na biyu mai ta'assubanci ne, almajirin Scania, wanda a wurinsa rurin injin V8 ya wadatar daga dukkan dalili. Idan ka ce masa, "Malam, ai dokinka 730 ne, na abokinka ya ɗara naka da ashirin," sai ya dube ka da tausayi, ya kashe rediyon motar, ya taka totur, ya ce, "Saurara dai, ɗan'uwa."

Na uku shi ne mai ƙana'a, wanda maƙiyansa ke kira marowaci. Bankin wasan ya yi masa tayin rancen Yuro 100,000, ya ƙi saboda kuɗin ruwa. Ya daɗe yana bauta a motocin mutane, daga bisani ya sayi Iveco mai araha, ya bar ta yadda ta fito daga kamfani, yana ta tara dukiyar da, in an haɗa ta kaf, ba ta sayen ƙwayar ashana a kantin unguwa.

Kishiyarsa shi ne mai israfi, wanda ya mayar da gareji gidansa: yau fenti, gobe fitilu jere a kan rufi, jibi ƙaho da labule, har motar ta fi amarya ado, alhali kuwa tun da ya saye ta ko tashar jirgin ruwa ta Kale ba ta kai ba, balle ta haye Ingila.

Sai mai wasuwasi, wanda ya san cewa 4x2 ta fi ɗaukar mai da sauƙin juyi, 6x4 kuma ta fi jure nauyi, ya rubuta fa'idar kowace da illarta a takarda, ya nemi fatawa wurin mutum goma, ya sami amsa goma sha ɗaya, kuma har yanzu direban haya ne.

Akwai kuma mai taƙlidi, wanda ba ya bincike ba ya jayayya: kawunsa DAF ya tuƙa tsakanin Kano da Legas, saboda haka DAF zai ja tsakanin Balin da Faris, magana ta ƙare.

Haƙiƙanin mas'alar kuwa ita ce, ladan tafiya a wasan ana lissafa shi ne da nisan hanya, da irin kaya, da isa kan lokaci ba tare da ɓarna ba, ba da tambarin da ke goshin mota ba. Amma ina yi wa mai karatu nasiha, kada ya kuskura ya faɗi haka a majalisarsu, domin mutanen nan shida, da ba su taɓa yin ittifaƙi a kan komai ba, nan take za su yi ijma'i a kan cewa bai san mota ba.